Darasi: Injin Niƙa Bai San Hannun Mai Shi Ba

'Yan'uwa manoma, Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka kuma ba ya riƙe garma. Ƙungiyoyinmu da yawa sun sayi injin niƙa, ko na markaɗe, ko na matse rake domin yin mazarƙwaila. Wannan ci gaba ne. Amma inji bai san bambancin masara da yatsa ba.

A wani ƙauye da nake zagayawa, wani saurayi yana markaɗa wake sai aka ɗauke wuta. Ya sa hannu cikin mazurarin domin ya kwashe waken da ya toshe, bai kashe makunnin ba. Wuta ta dawo. Yatsu uku suka tafi. Shi ne kuwa mai yi wa tsohuwarsa noma.

Me ya sa ba a iya janye hannu?

Motar lantarki irin ta injin markaɗe takan juya wajen sau 1,440 a minti ɗaya, watau sau 24 a daƙiƙa. Kafin mutum ya ji zafi ya ja hannunsa, ta riga ta juya sau da dama. Saboda haka kada wani ya ce, "Ni na saba." Yawancin haɗarin yakan faru ne sa'ad da inji ya toshe, ko ana share shi, ko ana mai da bel, mutane kuma suna jira suna ta cewa a yi sauri.

Wurare uku masu cin hannu

1. Ƙarfe mai murɗiya da ke ƙasan mazurari, wanda ke jan hatsi ciki.
2. Inda bel ya haɗu da fuli. Nan ne yakan kama hannun babbar riga, gyale, ko bakin zane, ya ja mutum.
3. Tsakanin ƙarafan da ke matse rake.

Dokokin ɗakin inji

1. Kafin a taɓa cikin inji, a kashe shi, a zare waya, a jira ya tsaya cik. In an ɗauke wuta, a kashe makunni nan da nan.
2. A tura hatsi da muciya ko sanda, ba da hannu ba.
3. A sa mai walda ya yi wa bel da fuli keji na ragar ƙarfe. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ma ta ce lalle a kange sassan inji masu haɗari.
4. Mai aiki ya sa riga mai gajeren hannu, ya tuɓe zobe.
5. Yaran da aka aiko niƙa su tsaya a bakin ƙofa.
6. Wanda ya gaji ko ya sha giya kada ya kama inji.

In haɗari ya auku

A kashe inji tukuna. A danne ciwon sosai da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko baƙin mai, gama suna kawo ruɓa da ciwon tetanus mai sarƙe haƙora. A naɗe yatsan da ya gutsure cikin tsabtataccen ƙyalle mai ɗan laima, a ɗaure a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. A tafi asibiti mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba. In aikin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Bel ɗin injinku a rufe yake, ko a buɗe?
2. Kowa ya san inda ake kashe injin?
3. Nawa kuke ajiyewa daga kuɗin niƙa domin jinyar mai aikinku?

Ku je ɗakin injin tare, ku duba da idonku kafin kaka ta zo. Kuɗin keji bai kai kuɗin jinya ba, yatsa kuwa ba ya sake tsirowa.