Haƙori Ɗaya Ya Fita: Dashe Ko Gada?

Kafin ka tambayi likita farashi, sa harshe ka taɓa haƙoran nan biyu da ke gefe da gefen giɓin. Su ne za su raba gardama.

Gada ba ta tsayuwa sai a kansu. Likita zai fiƙe su duka biyun, ya rage musu jiki, sannan ya kifa musu haƙora uku a haɗe: biyu su zama hula, na tsakiya ya cike gurbin. Cikin mako biyu zuwa uku an gama, ba tiyata, kuɗin ma da ɗan dama-dama. Sai dai abin da aka fiƙe ba ya dawowa. In haƙoran nan lafiyarsu ƙalau, ni dai ban ga dalilin lalata biyu don a gyara ɗaya ba. In kuwa dama sun yi kogo, ko an yi musu babban ciko, ai su ma hular suke nema; a nan gada ita ce daidai.

Dashe kuma ba ruwansa da maƙwabta. Ana ɗaura ƙaramar kusa ta ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta wata uku zuwa shida har ƙashin ya kama ta gam, sannan a ɗora haƙori a kai. Ba sabon abu ba ne: tun 1965 wani likita ɗan Sweden, Per-Ingvar Brånemark, ya fara yi wa mutum shi. Babban amfanin dashe yana can ƙarƙashin dasashi. Ƙashin da ya rasa jijiyar haƙori yakan riƙa zaizayewa, kusar ce ke ba shi aikin yi ya tsaya, gada kuwa ta samansa take wucewa. Gada takan kai shekara 10 zuwa 15 kafin ta nemi sauyi. Kusar da aka kula da ita takan wuce haka, ko da hular kanta ta tsufa an canza. Tsadar dashe dai ba wasa ba ce.

Kuma ba kowa dashe ke karɓa ba. Mai shan taba, mai ciwon sugan da bai daidaita ba, da wanda dasashinsa ke jini, duk sai sun gyara wannan tukuna, in ba haka ba kusar na iya ƙin kamawa. Yaron da bai gama girma ba jira zai yi. Kada ka yarda a ɗaura maka komai ba a ɗauki hoton ƙashin ba. Wani sai an ƙara masa ƙashi kafin a fara.

In aljihu bai kai ba yanzu, sa haƙorin roba na cirewa ya riƙe wurin. Giɓin da aka bari, na gefe sukan karkato cikinsa, wanda ke fuskantarsa ya zazzago, aikin ya ƙara tsada.

Wanda ya zaɓi gada ya sani, aswaki da buroshi ba sa shiga ƙarƙashinta, kuma nan zaren nama da garin goro ke maƙalewa. Ka ce likita ya nuna maka yadda ake zura zaren sakace ta ƙasa, ka riƙa yi kowane dare. Fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori kuwa, ko wanne ka sa, sai a haƙura.