Yadda Za A Mayar Da Tatsuniya Wasan Kwaikwayo A Tsakar Gida

Yaron da ya taɓa ɗaura gemun auduga ya fita tashe bayan azumi ya kwana goma, ba sai an koya masa wasan kwaikwayo ba. Fili kawai yake nema a sauran watannin shekara, kuma tsakar gida ta isa.

1. A fara da tatsuniyar da yaran suka riga suka sani, mai 'yan wasa uku zuwa biyar. Na Gizo da Ƙoƙi sun fi sauƙi. Idan kaka ta manta wasu, littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suna nan, haka ma Wasannin Yara na Umaru Dembo.

2. A yi hattara wajen rabon matsayi, domin a nan ake ɓata wasa tun ba a fara ba. Tatsuniyoyinmu da yawa, irin su Ruwan Bagaja, a kan 'yar bora da 'yar mowa aka gina su: ɗaya mai ladabi ta dawo da dukiya, ɗaya marar kunya ta dawo da wahala. A gidan da ake zaune da abokiyar zama, idan aka ba 'yar wannan ɗaki matsayin marar kunya, ta wancan ɗaki ta fito a mai ladabi, iyayen ba za su ɗauke shi wasa ba, habaici za su ji. Yaran ma sai sunan ya bi su har makaranta. A jefa ƙuri'a, ko kuma a yi wasan sau biyu a musanya. Matsayin mugu kuwa, ya fi kyau babba ya ɗauka. Baba ya fito a kura sau ɗaya, ya ga yadda gida zai kaure da dariya.

3. Kada a ji tsoron sauya labari. Abubakar Imam ma da ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, labaran Larabawa da na Turawa ya ɗebo da yawa, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. A tambayi yara: da 'yar mowa ce ke ba da labarin, me za ta ce? Da Gizo yana da wayar salula, wace damfara zai ƙulla, kuma wa zai kama shi? Yarinyar da sarki ya aura a ƙarshe, an tambaye ta? Amsoshinsu su ne sabon wasan.

4. Ba sai an sayi komai ba. Zani a igiyar shanya ya zama labule, tabarma fada, turmi karagar sarki, gawayi ya zana gashin baki. Wuta ce kawai ba a yarda da ita ba: auduga da mayafi ba sa shiri da kyandir ko aci-balbal, sai fitila mai caji.

5. Kada a rubuta musu magana su haddace. Su san abin da zai faru a kowace fitowa, sauran su faɗa da bakinsu. Waƙar cikin tatsuniya kuwa a bar ta, 'yan kallo su riƙa amshi.

6. Dodo yana firgita 'yan shekara uku da huɗu da gaske. A bari su ga lokacin da yayansu ke shafa toka yana yafa buhu, su taɓa da hannu. Minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan sallar isha'i ya wadatar (masu camfin cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake yi, su ma hankalinsu ya kwanta).

7. Tsamin bakin Gizo abin dariya ne, amma idan akwai yaro mai in'ina a gidan, a cire shi. Haka kwaikwayon maƙwabci ko mai wata nakasa ko wata ƙabila.

8. Manya su ajiye waya su zauna su kalla har ƙarshe. A ba da tukuici kamar yadda ake ba 'yan tashe, ko dabino ne ko ƙuli-ƙuli, a raba daidai, har da wanda labule kawai ya ja.