SANKARAR JINI A SHANU: ƘWAYAR DA TA ƘI MUTUWA

A cikin jinin saniya akwai fararen ƙwayoyi, aikinsu shi ne yaƙi da cuta. Kowace ƙwaya da ajalinta. Idan ta tsufa, ko ta sami lahani, sai ta ƙanƙance da kanta, ta farfashe, waɗansu ƙwayoyi su zo su share ta. Masana uku a Abadin ta ƙasar Sikotlan, watau Kerr da Wyllie da Currie, su ne suka bayyana wannan tsari cikin 1972. Ta haka jini ya ke daidaita, waɗanda su ke mutuwa su yi daidai da sababbin da su ke fitowa.

To, akwai wata ƙwayar cuta, bairos, mai ɓata wannan lissafi. Likitocin dabbobi a Amurka suka gano ta a shanu cikin 1969. 'Yar'uwarta ta kaji kuwa, tun 1908 Ellermann da Bang suka nuna a Danmak cewa tana iya ratsawa daga kaza zuwa kaza.

Ga yadda ta ke yi. Bairos ɗin yakan shiga cikin farar ƙwaya, ya liƙa nasa tsarin gado a cikin nata. Daga nan duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu, da shi za ta rabu. A shanun da cutar ta yi ƙarfi, an auna an ga mutuwar waɗannan ƙwayoyi tana raguwa. Kamar gonar da aka ƙi yi wa cira ce, shuka ta cunkushe, amfani ya ragu. Ƙwayar da ta wuce ajalinta tana ta tara lahani, har wata rana ta zama sankara.

Yawancin shanun da suka kamu ba su nuna alamar kome. Wajen kashi 30 cikin 100 fararen ƙwayoyinsu kan yi yawa ainun. Waɗanda sankara ke fito wa ba su wuce 5 cikin 100 ba, galibi shanun da suka haura shekara 3. Alamunta su ne rama, da raguwar nono, da kaluluwa a wuya ko gaban kafaɗa, wani lokaci ido ya ɓullo waje, ko ƙafafun baya su shanye. In an yanka aka ga ƙari a zuciya ko ciki, likita yakan hana sayar da naman, mahauci da mai saniya su yi hasara.

Ba ta da magani, sai tsari. Jini shi ne babbar hanyarta. Saboda haka kada a yi wa shanu biyu allura da tsinke ɗaya. Wuƙar fiɗiya, da ta yankan ƙaho, da ta shaidar kunne, a tafasa su kafin a taɓa wata dabba. Bobuwa ma tana ɗaukar jini daga wannan ta kai wa waccan. Maraƙi kuma yana iya samu a ciki ko a nonon uwa.

Danmak ta fara yaƙi da cutar cikin 1959, ana gwada jini ana fid da masu ita, har ta rabu da ita. Mai sayen bijimin iri ko saniyar madara, musamman daga ƙasar waje, ya nemi likitan dabbobi ya gwada jininta kafin ya haɗa ta da garke.