Darasi a kan Wasiyya da Riƙon Dukiyar Marayu

Wurin karatu: II Sarakuna 20:1-6, Littafin Lissafi 27:1-11, Galatiyawa 4:1, 2.

Sa'ad da Hezekiya sarkin Yahuda ya kwanta ciwo har bakin mutuwa, Ubangiji ya aiko annabi Ishaya gare shi, ya umurce shi ya daidaita al'amuran gidansa. Sarki ya yi addu'a da kuka mai zafi, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Mu lura da wannan da kyau, gama masu bi da yawa suna tsoron maganar wasiyya. Waɗansu sun ɗauke ta kamar kiran mutuwa, waɗansu kuma suna ganin rashin bangaskiya ne. Amma ga shi umurnin daga bakin Allah ya fito, wanda ya karɓe shi kuma bai mutu a ranar ba.

A cikin II Sarakuna 4 muna da labarin wani daga cikin 'ya'yan annabawa, mutum mai tsoron Allah, wanda ya mutu ya bar bashi. Mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yansa biyu su zama bayi. Allah ya ceci gwauruwar ta hannun Elisha da tulun mai. Duk da haka ba a rubuta labarin domin mu riƙa barin iyalinmu cikin ƙunci muna jiran al'ajibi ba. Ibrahim ya fi dacewa mu bi sawunsa: tun yana da rai ya ba Ishaku gādo, ya yi wa sauran 'ya'yansa kyautai, ya sallame su zuwa ƙasar gabas (Farawa 25:5, 6).

Wasiyya fa ba dama ba ce ta nuna son kai. Shari'ar Musa ta hana mai mata biyu ya ƙwace rabon ɗan fari ya ba ɗan matar da ya fi so (Kubawar Shari'a 21:15-17). 'Ya'ya mata kuwa, Allah da kansa ya tsaya musu. Zelofehad ya mutu ba shi da ɗa, sai 'ya'ya mata biyar. Suka zo gaban Musa da dukan taro suka nemi rabon ubansu, Ubangiji ya ce suna da gaskiya, har abin ya zama ka'ida cikin Isra'ila. Abin kunya ne a iske dattawan ekklesiya suna zaune shiru sa'ad da dangin miji su ke kwashe gona da gida, suna korar gwauruwa domin ba ta haifi namiji ba. Ko dokar ƙasa ba ta yarda da wannan ba. A shekara ta 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, cikin shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar nan ta Ibo mai hana 'ya mace gādon ubanta, tun da ya ke ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki.

To, ƙaƙa za a yi idan magada yara ne ƙanana? Manzo Bulus ya ɗauko misali daga zaman duniya na zamaninsa. Magaji, ko da shi ne mai dukiyar duka, muddin yana yaro yana ƙarƙashin masu riƙo da wakilai, har ranar da uban ya sa. Manzo yana koyarwa ne a kan Shari'a da zuwan Kristi, amma misalin ya nuna mana wani tsari mai amfani. Uba yakan zaɓi amintaccen mutum, ya danƙa dukiya a hannunsa. Dukiyar ba ta mai riƙo ba ce, ba shi da iko ya ci ko ya ba nasa 'ya'ya. Aikinsa shi ne ya ciyar da yaran, ya biya kuɗin makaranta, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sa'an nan ya miƙa saura idan sun kai shekarun da aka faɗa. A ganina masu riƙo biyu sun fi ɗaya, kada kuma a zaɓi mutum domin shi ne babban wa kaɗai. Wanda ba ya iya riƙon kuɗin baiko na wata guda, ba zai iya riƙon gonar marayu shekara goma ba.

Wasiyyar baki a gaban shaidu tana da wuri cikin al'ada, amma shaidu sukan manta, sukan kuma mutu. Jihohi da dama suna bin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ko kuwa sun ɗauki ka'idodinta cikin tasu doka. Sai wasiyya ta zama a rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna nan tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Kada wanda zai ci gādo, ko matarsa, ya zama shaida, domin rabonsa zai faɗi. A rubuta basussuka, na biya da na karɓa. A nemi lauya, gama al'ada ta ɗaure hannun mai wasiyya a waɗansu wurare: a Bini, gidan da uba ya zauna har ya mutu na babban ɗa ne. In an gama, ana iya ajiye takardar a ofishin rajistar gādo na Babbar Kotu, a kuma gaya wa matar gida inda ta ke.

Mai koyarwa ya sa a karanta Yohanna 19:26, 27, inda Ubangijinmu, yana bisa giciye, ya danƙa uwatasa ga almajirin da ya ke ƙauna. Bayan haka a tambayi 'yan aji: gwauraye nawa ne cikin ekklesiyarmu da aka raba su da gonar mazansu, wane ne kuma ya tafi ya yi magana dominsu?