Ki Zauna Ku Kalla Tare

 'Yata, na san abin da ke damunki, don yana damun iyaye da yawa. Yara sun maƙale wa katun. Maigida in ya dawo da dare, wasan barkwanci yake nema a talabijin. Ke ma kan tsinci kanki kina ƙyaƙyata dariya, daga baya ki ji kamar kin ɓata lokaci. To, kwantar da hankalinki. Zuciya ma tana gajiya, tana kuma bukatar hutu. Nishaɗi kamar gishiri ne a miya. In babu shi a ji salam, in ya yi yawa a kasa ci.

Mu ma da muke yara haka muke. Bayan isha'i mukan kewaye kaka a tabarma. Ta kawo mana Gizo da Ƙoƙi, ta kawo Dodo, ta kawo kura mai kwaɗayi. Mun san dabba ba ta magana, amma duk da haka gabanmu yana faɗuwa. Wannan ƙishirwar ce ke kai yaranki gaban allo. Suna son duniyar da zaki yake sarauta, ɓera yake cin galabar kyanwa, ƙaramin yaro yake ceton gari. Yaro ƙarami ne a cikin manya, kullum shi ake ba umarni. In ya ga na ƙasa ya yi nasara, sai ya ji sanyi a ransa.

Kada kuma ki raina aikin. Hoton da kike gani yana motsi zane ne ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, har hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa guda. Lokacin da kamfanin Disney na Amurka ya fitar da Snow White a 1937, da hannu aka zana shi. Sai a 1995 aka samu Toy Story, dogon fim na farko da aka yi shi gaba ɗaya da kwamfuta. Tom da Jerry kuwa tun 1940 suke tsere, William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro su, har sun ci kyautar Oscar sau bakwai. Kusan ba sa magana. Shi ya sa jika da kakarsa da ba ta jin Turanci suke fashewa da dariya lokaci guda. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce.

Bari in ba ki labarin wanda na fi so. Sunansa Kirikou, ya fito a 1998. Wani Bafaranshe ne, Michel Ocelot, ya yi shi, kuma a ƙasar Gini ya yi ƙuruciyarsa. Wani jariri ne ɗan mitsitsi ya tarar da ƙauyensu cikin uƙuba. Matsafiya Karaba ta hana su ruwa, mazajen garin sun ɓace, kowa yana rawar jiki. Manya suna tsine mata. Shi kuwa yaron tambaya ɗaya ya riƙe: me ya sa ta zama muguwa? Bai daina tambaya ba har ya isa wurin kakansa a bayan dutse. A can ya ji cewa wasu maza ne suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, ga shi hannunta ba ya kaiwa wurin. Da ya cire ƙayar da haƙoransa, muguntar ta tafi tare da ciwon.

Ki duba fa, 'yata. Yaron da ya kalli wannan ya sha nishaɗi, ya tsorata, ya yi tsalle don murna. Amma ya tashi da wani abu a zuciyarsa. Gobe in wata 'yar ajinsu ta cika masifa, wataƙila ya tsaya ya yi tunanin abin da ke cin ta. Sai dai zan gaya miki gaskiya, matan ƙauyen a fim ɗin zane kawai suke ɗaurawa a ƙugu. Don haka ki fara kallonsa ke kaɗai, sannan ki yanke abin da ya dace da gidanki. Haka za ki yi da kowane fim. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma na Japan, Spirited Away, wanda Hayao Miyazaki ya yi a 2001. Iyayen wata yarinya 'yar shekara goma suka afka wa abincin da ba a ba su ba, sai suka rikiɗe aladu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanenmu. Fim ɗin cike yake da iskokai irin na al'adar Japanawa. In kina kusa, sai ki ce wa yaro wannan labarin wasu mutane ne, mu ga abin da muka yi imani da shi. Magana biyu ta isa. In ba kya nan fa, wa zai gaya masa?

Yanzu mu koma kan barkwancin talabijin. Shi daɗinsa daban ne. Katun yana ɗaukar mutum ya kai shi nesa, wannan kuwa cikin gida yake dawo da shi. Falo ɗaya, mutane ɗaya, kowa da halinsa da ba ya sauyawa. Kin san marowaci zai yi rowa, kin san mai ƙarya zai sharara ta. Jiran yadda asirinsa zai tonu shi ne daɗin. Haka muka zauna da Samanja Mazan Fama a talabijin ta NTA Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, tsohon soja ne, ya san bariki ciki da waje, shi ya sa da ya buɗe baki da Hausarsa ta bariki sai falo ya kaure. Allah ya jiƙansa, a 2023 ya rasu. Ga marigayi Karkuzu daga Jos, ga marigayi Rabilu Musa Ibro da muka rasa a 2014. Ku kuma kun samu Gidan Badamasi a tashar Arewa24, tsohon attajiri da 'ya'ya rututu, kowa idonsa a kan dukiya. Ko Mr. Bean na Ingila, da ya fara a 1990, kashi 15 ne kacal, amma har yau ana maimaita shi.

Me ya sa muke komawa gare su? Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya. Abin da ba za ki iya gaya wa kawu a fuskarsa ba, ɗan wasa zai yi shi a gabansa, kawu ya yi dariya har da hawaye. Da dare in ya kwanta, shi ya san inda maganar ta taɓa shi. Na ga kishiyoyi da suka wuni ba sa ga maciji, wasa ɗaya ya sa su dariya tare, ɗaya ta miƙa wa ɗaya gyaɗa ba ta ankara ba. Kada ki ce wannan ba amfani ba ne.

Amma ki lura da wanda ake yi wa dariyar. Wasu shirye-shiryen ana naɗar dariya ne a sa a ciki, don ku ma ku bi sahu. Kada na'ura ta zaɓa miki abin dariya. In marowaci ake yi wa, ko mai girman kai, to madalla. In kuwa mai in'ina ne, ko gurgu, ko baƙon da harshensa bai faɗa ba, sai ki yi shiru, yara su ga fuskarki. Abin da aka yi wa dariya a falo, shi za a kwaikwaya a makaranta. Can kuwa akwai yaron da zai koma gida yana kuka. Mu ma muna da barkwancinmu, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa. Ana zolaya, ana ramawa, a rabu ana zumunci. Wasan da ɓangare ɗaya ne kawai yake jin daɗinsa ya tashi daga wasa.

Saura maganar lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san wuya gare shi. Kina girki, goyo yana kuka, waya ce mafi kusa. Ba wanda zai zarge ki. Sai dai wayar ba ta cewa ƙurunƙus. Wani na ƙarewa wani ke farawa, har barci ya gagara, safiya ta zo da ƙyuya. Ke ce za ki sa iyaka. Bayan an yi salla, an ci abinci, an gama aikin makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake roƙonki ke nan, ki riƙa zama da su ko da rabin awa ne. Ki yi dariyarki ba tare da jin kunya ba. In zaki Mufasa ya faɗi a katun ɗin The Lion King, ƙaramin ya fara sheshsheƙa, ki jawo shi jikinki. In an gama ki tambaye su wa ya burge su, kuma me ya sa. Za ki ji amsoshin da za su nuna miki halin kowannensu. Ranar da babu wuta kuma, ki ba su Gizo da bakinki, ki bar su su ƙarasa labarin yadda suke so. Allah ya raya miki su, ya sa gidanki ya zama gidan fara'a. Ki gaishe min da maigidan.