NOTI MAI TSATSA DA BIRKIN HANNU

A-kori-kura ƙaramar mota ce mai buɗaɗɗen baya, wadda a kan ɗauki kaya da ita, kamar buhunan hatsi da kwandunan tumatir. Da wuya a je kasuwar ƙauye ba a tarar da ita ba. A shekara ta 1975 aka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, a-kori-kura kuwa tana cikin motocin da aka riƙa haɗawa a can.

Birki biyu gare ta. Akwai na ƙafa, wanda direba ke takawa in yana so ya tsaya. Akwai kuma na hannu, wanda ya kan ja bayan ya tsaya, don motar ta zauna wuri ɗaya. Na ƙafa da man birki ya ke aiki. Na hannu kuwa da waya ya ke aiki, watau igiyar ƙarfe wadda aka tufka da ƙananan wayoyi. Ta taso daga sandar da direba ke ja, ta bi ƙarƙashin mota, ta rabu biyu zuwa ƙafafun baya.

Yau da gobe wayar nan ta kan miƙe ta yi sako-sako. Alamar haka ita ce direba ya ja sandar har ƙarshe, amma birkin bai kama ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. In aka ajiye mota da kaya a gangare, a gari mai tuddai kamar Jos, tana iya gangarawa ba kowa a ciki, ta faɗa cikin masu talla ko yara masu wasa.

Gyaran ba shi da wuya. A ƙarshen wayar akwai wani siririn ƙarfe mai tsaga a nannaɗe, da noti a jikinsa. In aka ɗaure notin, sai wayar ta yi tauri. Amma notin nan a ƙarƙashin mota ya ke zaune, yana shan ruwa da taɓo kowace damina, saboda haka sau da yawa a kan tarar tsatsa ta cije shi.

Me ke kawo tsatsa? Cikin iskar da a ke shaƙa akwai wata iri da a ke kira oksijin. In ta haɗu da baƙin ƙarfe a wurin da ke da laima, sai ta ci shi, ya zama jan gari. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Shi ya sa ta kan cika 'yar kafar da ke tsakanin noti da tsagar da ya ke bi, har su zama kamar abu guda.

Yaron makaniki, in sabon shiga ne, da ya ga noti ya ƙi motsi sai ya ƙara ƙarfi. Ɗayan biyu ke faruwa. Ko sufana ta zame ta cinye kusurwoyin notin, ko kuwa siririn ƙarfen ya karye, a koma neman sabuwar waya. Gwanin makaniki ba ya haka. Ya kan ce wa yaronsa, "Sannu, yaro. Tsatsar da ta shekara biyar tana shiga ba ta fita da fushi."

Da fari ya kan tsai da motar a wuri mai daidai, ya sa weji gaba da bayan ƙafafun gaba. Dalili kuwa, in an ɗaga ƙafafun baya, ba abin da ke riƙe da motar sai wejin nan. Sa'an nan ya ɗaga bayan da jak, ya tokare shi da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Mai hankali ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, domin jak ya kan zame. Bayan haka sai ya saki birkin hannu.

Sai ya goge wurin da buroshin ƙarfe har tsagar ta fito fili. Ya zuba man kwance tsatsa, in babu ya ɗiga kananzir. Daga nan ya tafi wani aiki, ya bar man ya ratsa. Wani noti rabin sa'a ya ishe shi, wani sai ya kwana. In ya komo, sai ya ƙwanƙwasa gefen notin da ƙaramar guduma a hankali, don tsatsar ta farfashe.

Yanzu sai ya zaɓi sufana wadda ta yi wa notin daidai, ba ta rawa. Ya riƙe siririn ƙarfen da filaya don kada wayar ta murɗe. Ya ɗan ɗaure notin kaɗan tukuna, sa'an nan ya juya shi baya, watau saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Haka zai yi ta yi, gaba da baya, yana ƙara mai, har notin ya saki.

Zafi ya kan sa ƙarfe ya buɗe, don haka wasu su kan gasa noti da wuta. Amma a nan akwai tankin mai kusa, ga kananzir da aka zuba, ga kuma roba, saboda haka bai kamata a kawo wuta ba. In notin ya ƙi duk dabara, gara a yanke shi da zarto a sa sabo.

Da notin ya saki, sai a ɗaure shi kaɗan kaɗan, ana gwada sandar. Tana yin ƙara ƙas, ƙas, in ana janta, littafin mota kuwa ya kan faɗi ƙara nawa za ta yi kafin birki ya kama. Sa'an nan a saki sandar, a juya ƙafafun baya da hannu. In sun juya sumul, gyara ya yi. In suna cijewa, an ɗaure ya wuce kima, birki zai yi zafi a hanya, mota ta sha mai a banza. In kuma aka ga wayar ta soma tsintsinkewa, ɗauri ba zai amfane ta ba, sai a sake ta.

A ƙarshe makaniki ya kan shafe notin da giris, don ruwa kada ya sake samun hanya. Giris ɗin bai wuce cikin yatsa ɗaya ba, amma zai hutar da wanda zai kwance notin baɗi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin birkin ƙafa da na hannu?
2. Waɗanne abubuwa uku ke haɗuwa su kawo tsatsa?
3. Don me a ke sa weji a ƙafafun gaba?
4. Yaya a ke gane an ɗaure noti ya wuce kima?