Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Fasakwari Da Ajiyar Wake

'Yan'uwa manoma na Shinaka da kewaye, darasinmu na wannan wata a kan fasakwari ne. Mata sun san shi wurin masu kayan yaji, guntayen ɓawo da saiwa masu ƙamshi. Amma mutum nawa a cikinmu ya taɓa ganin itacen a tsaye?

Fasakwari ɗan'uwan lemo ne, danginsu ɗaya. Ƙaramin itace ne mai ƙaya a gindi da rassa, har a kan jijiyar ganye. In ka ɗaga ganyen ga rana za ka ga ɗigo-ɗigo na mai, in ka murje shi ka ji ƙamshi kamar na lemon tsami. Akwai namiji akwai tamata, tamatar ce kaɗai ke yin 'ya'ya. Yana fitowa daga Senegal har Kamaru, inda ruwan sama ya fi namu yawa. Shi ya sa ba mu ganinsa a dajin Wurno ko Rabah ko Goronyo, sai fatake su kawo mana shi daga kudu. Yarbawa suna asuwaki da saiwarsa, kuma wanda ya tauna zai ji bakinsa ya yi zugi, ya ɗan mutu.

To, mene ne ruwansa da wake? Ƙwaron wake yakan fara saka ƙwai tun wake yana gona. Tsutsa ta huda ƙwaya ta zauna ciki tana ci, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, shi ma ya saka nasa. Kafin bazara buhu ya zama gari. Saboda tsoron wannan hasara waɗansu suna zuba wa wake maganin feshi na gona. Wannan guba ce, yara ne za su ci ta a cikin ƙosai da alale. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin wannan magani da aka samu a ciki.

Masu bincike a Nijeriya sun gwada garin saiwa da ɓawon fasakwari, suka ga yana kashe manyan ƙwari, yana kuma rage saka ƙwai. Amma kada mu ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwaya, gari ba ya kai mata. Saboda haka a fara shanya wake a tsakar rana, a baza shi ba kauri, har ya bushe ƙarau. Ga kuma tsada, tun da sayensa muke yi kaɗan-kaɗan. A ganina wurin ajiyar iri ya fi dacewa, mudu biyu ko uku a cikin tulu. Wake mai yawa kuwa sai buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi. In an ɗaure bakinsa tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Wata magana kuma. Tun 1971 Abayomi Sofowora na Jami'ar Ife ya fara nazarin saiwar a kan ciwon sikila, kuma har yanzu ana bincike. Wannan bai ba kowa izinin jiƙa ta ya ɗura wa yaro ba. Mai sikila a kai shi asibiti.

Ga aikin kowace ƙungiya bayan girbi. Ku sami tulu uku, ku zuba mudu ɗaya na wake a kowanne. Na fari ku cuɗa shi da cikin tafi na garin fasakwari, na biyu da tankaɗaɗɗen toka mudu ɗaya, na uku ku bar shi haka. Ku rufe, ku liƙe da laka. Bayan wata uku ku buɗe a gaban kowa, ku ƙirga ƙwaya 100 daga kowane tulu, magatakarda ya rubuta nawa suka huje. Ku aiko mana da abin da kuka samu.